Araha da tsada a kasuwar wuta

Shekara 31 na yi ina riƙon littattafan kuɗi a aikin gwamnati kafin in aje aiki, kuma ban taɓa zaton wata rana zan zauna da bik da kaye ina lissafin farashin sihiri ba. To, ga shi na yi, har dare uku a jere, kuma abin da na tarar cikin lissafin ya taɓa ni inda ban yi tsammani ba. Shi ya sa na ce bari in kawo muku shi, ku da kuka san ciwon jari da ku da kuka san ciwon jiran albashi.

Mafarin zancen shi ne sakamakon jarrabawar BEPC. Jikana, ɗan babban ɗana, yaro mai shekara 16, bai samu ba, kuma lissafi ne ya kayar da shi. Ubansa ɗan kasuwa ne a nan Maraɗi, mutum ne da ba ya son asara ko ta dala guda. Bayan magariba ya shigo zaurena riƙe da wata tsohuwar kwamfuta ta hannu da wani kaye, ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya ce: "Baba, ku ga abin da ya cinye mini yaro. Gobe zan saida ta, shi kuwa daga Litinin ya bi ni shago. Lakkol ta isa haka nan." Na ce ya bar mini kayan zuwa Jumma'a, in duba.

Da na sallaci isha'i sai na buɗe kayen, ina jiran in ga zane-zanen banza irin na yara. Abin da na gani gidaje ne da aka ja da abin ja layi, tsaf, lambobi a jere, an raba wannan da wancan, an ja layi biyu ƙarƙashin amsa. Wanda ya daɗe a aikinmu ya san hannun da ke son lamba da hannun da ake tilasta wa. Na bi rabe-raben ɗaya bayan ɗaya, ban sami kuskure ko guda ba. Sai na aika a kira mini shi. Na ce: "Kai abokina, wane alhaji ne ya ɗauke ka kwantabul ban sani ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce: "Kaka, na wasa ne."

Sunan wasan Skyrim. Wani kamfanin Amurka mai suna Bethesda ya fito da shi ranar 11 ga Nuwamba 2011. Irin wasan nan ne da mutum ke shiga rigar wani jarumi, ya yi ta yawo da shi cikin wata ƙasar tatsuniya mai duwatsu da ƙanƙara, yana cika aike, yana ciniki, yana faɗa da ƴan fashi da dodanni masu fiffike. In ya so ya riƙi takobi, in ya so baka, in ya so kuma ya jefa wuta daga tafin hannunsa. Wannan na ƙarshe shi suke kira sihiri. Na san kalmar za ta sa wasunku ɗaga gira, ni ma ta sa ni, don haka sai da na bincika. Babu boka a ciki, babu surkulle, babu yanka. Maɓalli ne ake dannawa, na'ura ta rage wata lamba nan, ta rage wata can.

Lambobin da ake rayuwa da su uku ne, kuma yawancin jarumai da 100 suke fara kowace. Ta farko rai ce, in ta ƙare an mutu. Ta biyu ƙarfin jiki ne na gudu da sara. Ta uku ita ce ake biyan kowane sihiri da ita, kuma tun daren farko na raɗa mata suna jari, domin halinsu guda. Jarin nan yana komowa da kansa, kashi 3 cikin 100 a kowace daƙiƙa in ana zaman lafiya, amma da zarar faɗa ya kaure sai komowar ta ragu zuwa sulusin haka. Duk sa'ad da jarumi ya hau mataki, ana ba shi maki 10 ya ƙara a ɗaya daga cikin ukun. Ke nan jari ba ya yalwata da wuri, kuma ranar da aka fi bukatarsa ita ce ranar da ya fi jinkirin dawowa. Wane ɗan kasuwa ne bai san wannan ba?

Shafin farko na kayen ya jera sihirin wuta guda biyar, daga na ƴan koyo har na gwanaye. Sunayen da zan ambata mu muka raɗa musu da Hausa, ni da shi, farashin kuwa na asali ne, kafin rangwame. Harshen Wuta, wanda kowa ke farawa da shi, yana cin jari 14 a daƙiƙa, yana rage wa abokin gaba rai 8. Kibiyar Wuta tana cin 41, tana ɓarnar 25. Dunƙulen Wuta yana cin 133, yana ɓarnar 40. Ƙonau yana cin 298, yana ɓarnar 60. Guguwar Wuta, wadda sai gwanin gwanaye ke samu, tana cin 1426, tana ɓarnar 100.

A gida na gaba yaron ya yi abin da kowane mai awon hatsi ke yi in aka kawo masa buhu manya da ƙanana, wato ya mai da su duka farashin tiya guda. Ya tambayi kansa: ɓarnar maki 10, jari nawa take ci? A Kibiya 16 da ɗan ɗoriya. A Harshe 17 da rabi. A Dunƙule 33. A Ƙonau kusan 50. A Guguwa ya haura 140. Ya ƙara da misali a ƙasa: mai jari 300 zai harba Kibiya sau 7, ɓarna 175 ke nan, ko Dunƙule sau 2, ɓarna 80, ko Ƙonau sau ɗaya tak, ɓarna 60, aljihu ya koma wayam.

Na tambaye shi zancen rangwame, domin na san farashin allo daban, na biya daban. Ya ce iri biyu ne. Ƙwarewa tana rage farashin duk sihirin fannin tare, har ya kai ragin wajen kashi 41 cikin 100 in ta cika 100, don haka ba ta taɓa tazarar da ke tsakaninsu. Sai kuma wata baiwa da ake zaɓa, mai raba farashin kowane aji biyu, amma aji-aji ake samun ta, daga ƙasa zuwa sama. Wanda ya sami ta ajin Kibiya bai kai ga ta ajin Ƙonau ba, tazarar ma ninkuwa take yi a gare shi.

Nan fa tsohon kwantabul ya motsa. Na rufe kayen na ce: "To ai magana ta ƙare. Masu wasan nan ƴan damfara ne, suna saida wa mutane suna da ƙyalli. Mai hankali ya riƙe Kibiya har ƙarshen wasa." Yaron ya yi ɗan murmushin da ban so ba, ya ce: "Kaka, ku gwada mana." Hausawa sun ce gani ya kori ji, na ce kawo.

Dare na biyu ya ɗora ni kan jaruminsa, ya nuna mini inda zan danna, ya kai ni wata hanya mai hawa dutse da suke kira matakala 7000, wadda ke tashi daga ƙauyen Ivarstead zuwa gidan wasu masu zuhudu a can bisa. A tsakiyar hanyar akwai wani farin dodo mai kama da goggon biri, da ido uku. Wuta ce maganinsa, domin tana cin sa fiye da yadda take cin sauran halittu, don haka na tabbata lissafina zai ci. Na tsaya na fara harba Kibiya da hannu guda, a tsanake, kamar mai ƙirga canji. Na harba uku, dodon na tahowa. Na harba ta huɗu, ya iso. Kafin in gane abin da ke faruwa jarumin yana ƙasa, jarinsa kuwa ko rabi bai ƙare ba. Na sake, aka sake kashe ni. Sau biyar. Kakarsa tana leƙowa daga ƙofa tana dariya, tana cewa: "Maigidana, ka ji tausayin tsohon nan, kada hawan jininsa ya tashi."

Sai ya karɓa. Ya sa Kibiya a hannu biyu ya haɗa su, ya harba su a matsayin guda. Dodon ya yi tangaɗi ya tsaya. Kafin ya dawo hayyacinsa an sake ba shi wata, yaron na ja da baya taki-taki. Da jarin ya yi ƙasa ya sha maganin da ke mayar da shi, ya ci gaba, har dodon ya kife bai taɓa shi ko sau ɗaya ba. Sa'an nan ya buɗe shafi na biyu na kayen, wanda ni ban kai gare shi ba don gaggawar yanke hukunci.

Ga abin da ke ciki. Kibiya biyu, kowace daban, jari 82 ne, ɓarna 50. In aka haɗa hannu, wasan yana ninka farashi sau 2 da kashi 8 cikin 10, ɓarna kuwa sau 2 da kashi 2 cikin 10 kawai, wato jari wajen 115, ɓarna 55. A idon kwantabul wannan hauka ne: ka ƙara 33 don ka sami 5. Amma wanda ƙwarewarsa ta kai 40 yana iya zaɓar wata baiwa da ke sa harbin hannu biyu ya girgiza abokin gaba ya tsai da shi ɗan lokaci. Ashe 33 ɗin nan kuɗin sayen lokaci ne. Dodon kuma raunin jikinsa yana warkewa da kansa da sauri, don haka wanda ke harbi a hankali kamar mai zuba ruwa ne a tulu mai yoyo. Ni na mutu da jari a aljihu. Yaron ya ce: "Kaka, jarin da ya rage bayan an kashe mutum, wa zai ci shi?"

Daga nan sauran gidajen suka buɗe mini. Akwai gidan lokaci. Jefa Kibiya da jefa Ƙonau kusan lokaci guda suke ɗauka, amma ɗaya 25 ne, ɗaya 60. Abokin gaba mai rai 300, in an bar zancen ɗan ƙunar da wuta ke ci gaba da yi bayan ta kama, Kibiya 12 yake bukata, jari 492, ko Ƙonau 5, jari 1490. Na biyun ya ninka na farko tsada sau uku, amma ya gama aikin cikin ƙasa da rabin lokaci. Kuma a wasan nan ƙwarewa farashi take ragewa, ba ta ƙara zafin harbi. Baiwar da ke ƙara zafin wuta iyakarta rabi ne, Ƙonau ya tashi daga 60 zuwa 90, Kibiya daga 25 zuwa 37. Abokan gaba kuwa suna ƙara ƙarfi yayin da jarumi ke hawa mataki. Saboda haka akwai ranar da Kibiya, duk da arahar ta, za ta zama kamar jifan giwa da tsakuwa.

Akwai gidan yawa. Dunƙulen Wuta fashewa yake yi, ya kama duk wanda ke cikin kewayen mita 4 da rabi. In mutum guda ya samu, farashinsa 33 ne, an yi asara. In biyu ne, ya yi kunnen doki da Kibiya. In uku ne ya sauka zuwa 11, in biyar ne bai kai 7 ba, ya zama mafi araha a duk shafin. Wannan ai lissafin mota ne: babbar mota asara ce in buhu goma za ta ɗauka, riba ce in ta cika. Sai dai fashewar ba ta san aboki ba, tana iya ƙona wanda ke rakiyarka. Guguwar Wuta ma ta jama'a ce, tana cin duk wanda ke kewaye da mai yin ta, amma sai ya tsaya da hannu biyu yana haɗa ta na ƴan daƙiƙoƙi a tsakiyar masu neman ransa. Yaron ya ja mata jan layi ya rubuta a gefe: ta biki.

Akwai kuma gidan wanda ake saida wa. Kibiyar wuta tana da ƴan uwa biyu masu ɓarnar 25 kamarta: ta ƙanƙara, jari 48, da ta tsawa, jari 51. Ta ƙanƙara tana rage wa abokin gaba gudu da ƙarfin jiki, ta tsawa kuwa tana isa nan take, tana kuma cinye masa nasa jarin, shi ya sa ta dace da faɗa da masu sihiri. Amma ƴan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Nord, rabin zafin ƙanƙara kawai ke kama su, don haka wanda ya jefe su da ita ya biya 48 ya sami 12 da rabi. Ya kai albasa Galmi ke nan. Haka wuta take ga wata ƙabilar da ake kira Dunmer, rabi take ci.

Shafin ƙarshe shi ya fi ba ni dariya. Wanda ya gwanance wajen yi wa tufafi aiki yana iya sa wa abu huɗu, na kai da riga da zobe da abin wuya, kowanne ragin kashi 25 cikin 100. In sun haɗu, sihirin fannin duka ya zama kyauta. Ran nan gidan farashi ya mutu, Ƙonau ya zama sarki, Kibiya ta koma ajiya. Na ce masa wannan kam sai a tatsuniya, domin ni shekara 31 na yi ina neman zoben nan ban same shi ba.

Dare na uku ban taɓa kwamfutar ba. Na zauna da kayen kawai, kuma abin da ya hana ni barci ba dodo ba ne. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran guda na Faransa, da yake sefa 50, ya koma 100. Kaya suka tashi, albashi kuwa yakan yi watanni bai zo ba. Ina da baki tara a gida. Na zauna a zauren nan na ja layi a takarda, na rubuta abin da lakkol ke ci a shekara, na rubuta abin da yaro zai kawo in yana tsaron shagon wani aminina. Amsa ta fito sarai, na ja mata layi biyu. Yaron da na cire daga kwalej a shekarar, yana da shekara 15, shi ne uban wannan. Lissafin bai yi ƙarya ba, gida ya ci abinci, kuma Allah ya yi wa kasuwarsa albarka. Amma gida guda ne a takardar. Ban ja gidan lokaci ba, ban ja gidan abin da yaron ya iya ba, ban ko tambaye shi ba. Mushensu na lissafi ya zo har gida sau biyu yana roƙo na, na ba shi ruwa na sallame shi.

Ranar Jumma'a bayan an sauko daga masallaci ɗana ya zo karɓar kayansa. Na miƙa masa kayen na ce ya duba shafi na biyu. Ya daɗe yana dubawa, yana motsa leɓe kamar yadda yake yi in yana lissafin kaya. Na ce: "Yaron nan ba lissafi ne ya gagare shi ba. A bar shi ya maimaita shekarar." Ya ce: "Baba, shekara guda kuɗi ce, kuma ba tabbas. Shago tabbas ne." Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, bai ɗago kai ba: "Ai ku kuka koya mini wannan lissafi." Shekara 30 da ɗoriya bai taɓa ɗaga zancen ba sai ran nan. Na ce: "Ni ne. Kuma na bar gidaje uku ban cika ba." Ban iya ƙara komi ba, shi ma bai nema ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina wanke wasan ne. Shi ya cinye dararen da ya kamata yaron ya yi bitar karatu, kuma na faɗa masa haka a gaban ubansa. Raba 133 da 40 ba shi ne dukan lissafin BEPC ba, akwai awon kusurwa da sauran abubuwan da babu dodon da zai tilasta masa koyon su. Abin da kayen ya nuna kawai shi ne kan yana aiki in ya ga dalilin aikin, kuma wanda ya gano da kansa cewa araha iri-iri ce, gwargwadon abin da ya fi ƙaranci a hannunka, jari ne ko lokaci ko rai, bai kamata a yanke masa hukunci da gida guda ba.

Ga yadda muka rabu. Yaron zai maimaita ajin, kuɗin shekarar daga fanshona. Kwamfutar tana ɗakina cikin akwati, ba ta fitowa sai ranar Lahadi bayan la'asar, kuma ana kiran magariba ake rufe ta. Kafin a buɗe akwatin sai ya kawo mini aikin lissafin mako, na lakkol, na duba. Ranar Asabar yana shago wurin ubansa, kuma uban da kansa ya ce littafin bashi zai riƙa ba shi ya riƙe, maimakon dakon kaya.

Makon jiya na sake hawa matakalar nan. Na haɗa hannu biyu, na biya 33 ɗin ban yi ƙorafi ba, dodon ya faɗi a karo na biyu. Ɗana yana zaune a bakin ƙofa, wai ya zo gaisuwa ne, amma na lura bai tashi ba sai da aka gama. Da zai fita ya ɗauki kayen ya sake duba gidan Dunƙule, ya ce wa yaron: "Wannan na mutum uku, ka tabbata 11 ne?" Yaron ya ce ya tabbata. Uban ya ciro bik daga aljihu ya raba da kansa a bayan takardar, ya gyaɗa kai, ya aje.

Allah shi shirya mana zuri'a, shi ba mu ikon duba shafi na biyu kafin mu ja layi. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.